Jan Farce a Kan Noti

Ranar da na fara aiki a kamfanin, abin da idona ya fara sauka a kai a teburin ma'aikatan waje shi ne kwalbar jan farce. Na ɗauka wata ce ta manta da ita, har na ɗaga ina cigiya. Sai wani dattijo mai furfura a gemu, hannunsa duk kanta, ya miƙo tafi ya ce, "Tawa ce, Injiniya." Ɗakin ya kwashe da dariya. Shi kuwa ko a jikinsa, ya jefa ta a aljihun gaban riga, ya saɓa tsaninsa ya fita. Baba Jan Farce ke nan, kuma har Manaja da wannan sunan yake kiransa.

Kamfaninmu intanet yake kai wa gidaje, ta baƙin kebul ɗin nan mai silin ƙarfe a tsakiya wanda a da talabijin kawai ake kallo da shi. A ofis akwai wani ɗaki mai sanyi marar taga, inda babbar na'urar da ke rarraba intanet ɗin take. Uwa muke ce mata, ni ce kuma mai kula da ita. Daga bayanta kebul ke fita ya bi turakun waya, a kan kowane turke akwai akwatin ƙarfe mai raba wa gida takwas layi. Duk inda kebul ya haɗu da wani abu, da ɗan noti ake ɗaure shi, wanda bai fi kan yatsa ba. Baba yana cikin masu hawa turke, shekara ashirin da shida yana wannan aikin.

Ga al'adarsa. In ya ɗaure noti da sifana, sai ya zaro kwalbar, ya ja siririn jan layi daga kan notin zuwa jikin ƙarfen da aka ɗaura shi a kai, ya hura masa iska har ya bushe. Muddin layin na miƙe, notin yana yadda ya bar shi. In ya juya ko da kaɗan ne, layin zai rabe biyu.

Daga baya ya ba ni labarin mafarin abin. A shekararsa ta biyu da fara aiki, wani mai gida ya kwance notin gidansa don ya matsar da talabijin, ya kasa mayarwa, sannan ya rantse cewa haka mai haɗawa ya bar masa. Aka tsayar da Baba a gaban abokan aikinsa aka ce ko noti bai iya ɗaurewa ba, aka dakatar da shi mako biyu. Ya ce kunya ta hana shi ko leƙa ƙofar gida. Yana zaune matarsa na shafa jan farce, ɗigo ɗaya ya gangaro ya bushe tsakanin murfi da wuyan kwalbar. Washegari da ta murɗa murfin, ɗigon ya rabe biyu a kan idonsa. "Tun ranar kwalbar ta zama tawa," in ji shi. "Har yau uwar yarana cewa take yi ita ce injiniyar gidan, ni sata kawai na yi."

Ni dai, gaskiya, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Samarin da ke aiki tare da shi suna gama gida goma sha biyu a wuni, shi da ƙyar yake yin huɗu. Na taɓa faɗa a taron ofis, yana zaune, cewa wasu sun mai da turke wurin hutawa. Ni ce kuma na manna takarda a ƙofar ɗakin sanyi cewa ban da ma'aikatan waje, saboda ƙurar takalmansu. Lokacin kaina yana hayaƙi da takardun makaranta.

Sai maganar sababbin katuna ta zo. Katin wani faffaɗan allo ne na lantarki da ake zura wa Uwa a ciki. A da, intanet ta siririyar hanya ɗaya yake isa kowane gida. Sabon katin yana tattara hanyoyi da yawa ya mai da su titi guda mai faɗi. Shekara guda na yi ina damun Manaja kafin ya yarda a sayo. Da suka iso, ni da hannuna na saka su wata safiyar Asabar, na ɗaura kebul goma sha shida a bayan Uwa, muka fara gwaji da gida ɗari huɗu. Makon farko har waya ake bugo mana ana godiya, ni kuwa tafiyata ma ta canza.

A mako na biyu abin ya juye. Kullum da misalin ƙarfe ɗaya na rana layin sai ya fara sarƙewa, ba zai saki ba sai wajen biyar. Mai kantin magani ya zo da kansa ya yi mana tas. Wata malama da ke koyar da ɗalibanta ta intanet ta fashe da kuka a waya. Na cire kati na saka wani, na sake cirewa na saka na uku, duk a banza. A fuskar kwamfutata ina ganin hayaniyar lantarki tana shiga layin, zanen da ya kamata ya kwanta sai tsalle yake yi.

Ranar Litinin Manaja ya kira ni, ya rufe ƙofa. Ya ce, "Injiniya, zuwa Alhamis. Ko layin nan ya tsaya da ƙafarsa, ko katunan su koma kwalinsu, ke kuma ki nemi wani wurin."

Na ce masa laifin ba na kati ba ne, a waje yake. Noti ɗaya in ya saki, ta nan hayaniya ke shiga ta ɓata wa gida ɗari huɗu layi. Ya ce to a nemo shi. Da aka tara ma'aikatan waje, samarin suka ce kafin a bi kowane akwati da kowane gida, a kwance a auna a mayar, sai an yi wata guda. Ina da 'ya'ya biyu da mahaifiya a wuyana.

Daga can ƙarshen teburin Baba ya ce, "Kwana uku ya isa. Amma Injiniya ce za ta riƙe mini tsani."

Na riƙe kuwa. Turke na farko ya hau, ya buɗe akwatin, ya duba, ya rufe, ya sauko. Ko sifana bai fitar ba. Na biyu ma haka, na uku ma haka. A na huɗu na kasa haƙuri, na ce, "Baba, naka dai na ji, akwai ja a kansu. Waɗanda sauran suka ɗaura fa?"

Ya ce, "Hau ki gani, 'yata. Ni zan riƙe."

Na tattare zanena na hau. A cikin akwatin noti takwas ne na gidaje, ga manya biyu na babban kebul, kuma babu ko ɗaya da ba shi da jan layinsa, miƙe sambal. Jan ma ba iri ɗaya ba ne. Wani ya koɗe saboda rana, wani jajir kamar jiya aka shafa, wani ya yi duhu. Daga ƙasa yake gaya mini ba tare da ya gani ba: "Na hagu mai duhun nan, shekarar da aka haifi autata ne, lokacin irinsa kaɗai ake samu a kanti. Na kusa da shi wani yaro ya ɗaura bara, na tarar da shi sakwaf."

A kan tsanin nan na gane inda wuninsa yake tafiya. Duk turken da aka aike shi, ba notin gidan da ya zo dominsa kaɗai yake ɗaurewa ba. Sai ya bi duk na cikin akwatin, nasa da na wasu, ya ƙara musu ƙarfi ya ja musu layi, sannan ya bi na bangon gidajen. Shekara ashirin da huɗu, babu wanda ya sa shi, babu wanda ya sani. Na ɗaga kai na ga turaku sun jeru har inda idona ya tsaya, na san kowane ɗaya yana ɗauke da hannun mutumin nan. Na daɗe ban sauko ba, don ban san da wane ido zan dube shi ba.

Haka muka yi ta bi, titi bayan titi. Shi ya hau turke, ni in bi bangon gidaje ina duba ja. Mata suna leƙowa suna gaishe shi, wata tsohuwa har ta ce ya ara mata kwalbar za ta je unguwa. Ranar Talata muka samu layi biyu da suka rabe, ɗaya iska ce ta girgiza kebul ɗinsa, ɗaya kuma mai gidan ne ya taɓa. Baba ya ɗaure su, na yi ta murna. Ƙarfe ɗaya na bugawa aka kira ni daga ofis cewa layi ya sake sarƙewa.

Ranar Laraba da hantsi ya sauko daga turke na ƙarshe. Ya zauna a kan matakin tsani, ya share gumi da hularsa, ya ce, "Waje lafiyarsa lau. Saura notin da hannuna bai taɓa kaiwa gare su ba."

Na ce, "A ina suke?"

Ya dube ni kawai. Sai na tuna da takardar da na manna.

Mun isa ɗakin sanyi saura minti goma ƙarfe ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta takardar tsaf, ya cire takalmansa ya jera su a gefe, sannan ya shiga. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ya zagaya bayan Uwa, hannuwansa a goye a baya, ya tambaye ni me ke canzawa a ɗakin nan in rana ta take. Na ce babu komai, sai dai babbar fanka ta biyu da ke tashi da kanta in zafi ya ƙaru. Ban rufe baki ba ta tashi, na ji ƙasa na ɗan kaɗawa a tafin ƙafata.

Ya fara ɗora bayan yatsansa a kan notin nan goma sha shida, ɗaya bayan ɗaya. A na goma sha ɗaya ya tsaya. Ya ce, "Taɓa nan."

Na taɓa. Notin rawa yake yi a hankali. Nan take safiyar Asabar ɗin ta dawo mini: da yatsu na murɗa shi, na ce bari in ɗauko sifana, waya ta yi ƙara, ban sake komawa ta kansa ba. Kwana uku na sa dattijo yana hawa turke a rana, yana neman laifin da ke bayan kujerata.

Ya miƙo mini sifana na ɗaure. A kwamfuta zanen ya kwanta luf. Sannan ya miƙo kwalbar. Na ja layin da kaina, ya fito a karkace, har ya ɗan zuba.

Muna nan Manaja ya shigo da sauri, an gaya masa layi ya dawo. Ya ce, "Me aka samu?"

Baba ya ce, "Noti ne ya saki, ranka ya daɗe. An ɗaure."

"Wa ya ɗaura shi da farko?"

Baba ya nuna da haɓa. "Ga shi can dai, da ja a kansa."

Manaja ya leƙa, ya ga jan, ya girgiza kai. "Haba Baba, har kai? Lallai tsufa ya zo."

Baba ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya kwashe shekara ashirin da huɗu yana yawo da kwalba a aljihu don kada a sake ɗora masa laifin notin wani, ga shi tsaye ba takalmi, ya miƙa wuya a ɗora masa nawa.

Na ce, "Nawa ne, Yallaɓai. Ni na bar shi a sake tun ranar da na saka katunan. Dubi layin, ko bushewa bai yi ba, kuma a karkace yake. Ka zagaye turakunmu duka, ba za ka samu layin Baba ɗaya a karkace ba."

Manaja ya dube ni, ya dubi Baba, ya dubi ƙafafun Baba. Ya ce in same shi a ofis. Takardar gargaɗi na samu, mai zafi, amma katunan suka zauna, ni ma na zauna. Da na fito na tarar da Baba yana ɗaure igiyar takalmi. Ya ce, "Ke ma da rigima kike, 'yata. Da kin yi shiru. Saura wata bakwai in ajiye aiki, me za su yi mini?" Na sa hannu na yage takardar da ke ƙofar.

Ya ajiye aikin kuwa a lokacinsa. Yanzu yana gida, matarsa ta ce duk murfin famfo da notin keken jikoki sun sha ja. Layina na nan a bayan Uwa, a karkace, na hana kowa gogewa. Watan jiya aka kawo mana sabon injiniya, ya ga kwalba a kan teburina, ya ɗaga yana murmushi yana tambayar wa ta manta da kayan kwalliyarta a ɗakin na'ura.

Na miƙa masa tafin hannuna na ce, "Tawa ce. Ɗauko sifana ka biyo ni."