Ɗurar Iya da Tarin Haruna

A gidanmu na Fagge, lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ba a kashe wutar murhu in an kwashe tuwon dare. Iya ce ke gaje ta. Iya ita ta haifi Babanmu, kuma sana'arta suyar gyaɗa da yashi, wadda ake kai wa bakin tashar jirgin ƙasa da safe. Da an idar da magariba sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta ɗora kasko, mu kuma yaran gida da na maƙwabta mu kewaye ta. Hannu ɗaya na juya gyaɗa, baki na zuba tatsuniya. In jirgi ya yi kuka daga tasha sai ta dakata, ta ce a bar babban baki ya gama nasa tukuna. Ina da shekara tara ko goma, kuma duk duniya ban ga wanda ya kai Iya sani ba.

Akwai wani abin da Iya ta yi suna a kai ban da tatsuniya, wato ɗura. Duk yaron da ya ƙi cin abinci a layinmu, wurinta ake kawo shi. Za ta kwantar da shi a cinya, ta matse ƙafafunsa da nata, ta tara tafin hannunta a bakinsa, ta riƙa tsiyaya koko a ciki, ta toshe masa hanci da yatsa. In ya buɗe baki neman numfashi, koko ya wuce. Kafin ka ce me an shanye ƙoƙo guda, cikin yaro ya yi tulele, uwa ta yi godiya ta tafi. Haka aka yi wa kowannenmu, ba wanda yake ganin wani abu ne.

A shekarar ne aka kawo mana Haruna yaye. Ɗan farin Yaya Asabe ne, babbar yayarmu, wadda ke aure a wani gidan haya a bakin Sabon Gari, mijinta yana aikin reluwe. Yaro ne fari sirit, mai yawan dariya, bai cika shekara biyu ba. Iya na ce masa angonta, ni kuma aka ɗora mini goyonsa. Tun ranar farko muka ga abin: in ya kai moɗa baki, kurɓa ɗaya biyu sai ya ƙware. Ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, ruwan ya fito ta hanci, muryarsa ta koma kamar mai kurkure baki. Da ya ga ruwa na ba shi wuya sai ya fara kau da kai. Iya ta ce ƙyuya ce da kewar nono, ta tsinka koko tsararo ta fara yi masa ɗura safe da yamma.

Wallahi ba na son tuna ƙarar nan. Sauran yara in ana musu ɗura kuka suke yi, shi kuwa Haruna ba ya ko samun sararin kuka. Sai ya sandare, ya yi shiru, sannan tari ya ɓarke, ƙirjinsa na kurɗ-kurɗ har azahar. Aka kira wanzami ya duba ko beli ne, ya ce ai shi da hannunsa ya cire shi tun ranar suna. Aka yi hayaƙi, aka karɓo rubutu. Rubutun ma ruwa ne, da shi ya sake ƙwarewa.

Ni ce na gano wani abu, kuma ba don wayo ba, don kwaɗayinsa ne. Wata rana ina shan fura mai kauri, wadda ludayi ke tsayawa a ciki, Haruna na zaune a gabana yana miƙo hannu. Na ɗan ɗiba a bakin ludayi na ba shi. Ya haɗiye lafiya lau. Na ƙara, ya haɗiye, ya buɗe baki yana jira. Ko tari ɗaya bai yi ba. Kashegari na gwada da kunu mai kauri, a zaune, kaɗan-kaɗan, haka nan. Na ruga na gaya wa Innarmu, ta ce in je in gaya wa Iya. Na gaya wa Iya, ta ce ita da ta yaye yara kafin a haifi ubana, ba ta da lokacin zaman ludayi-ludayi har rana ta faɗi, kuma abu mai kauri cushe wa yaro ciki yake yi.

To a daren ne, ga Haruna a bayana yana numfashi da kyar, Iya ta juya gyaɗarta ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku, wanda ya yi gyangyaɗi kada ya tambaye ni gobe." Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai Kaza ce ta ƙulla ƙawance da Giwa, har ta kai mata ɗan tsakonta yaye. Giwa ta ji daɗi, don an girmama ta. Ta rantse sai tsakon nan ya koma gida ya fi uwarsa ƙiba. Kullum sai ta je kogi ta zuƙo ruwa cike da hancinta, ta danne ɗan tsako da ƙafa a hankali, ta buɗe masa baki ta juye, yadda take yi wa nata 'ya'yan. Tsako ya yi ta shure-shure yana atishawa, Giwa na cewa, "Dubi ɗan nema, ana so ya girma yana iyayi." In Iya ta zo nan sai ta kumbura kumatu ta yi muryar Giwa, mu kuwa har faɗuwa muke don dariya. Tsako ya rame, gashinsa ya zube. Sai Kunkuru da ke zaune a bakin kogi ya ce wa Giwa ta bar tsakon ya sha da kansa ta gani. Giwa ta ce shi da ko nono bai taɓa bayarwa ba, me ya sani? Da Kaza ta zo ɗaukar ɗanta, da kyar ta gane shi. Shi ya sa har gobe, in ji Iya, kaza ba ta shan ruwa sai kurɓi ɗaya-ɗaya, tana sha tana ɗaga kai sama, tana duba ko hancin Giwa na tafe.

Ta kwashe gyaɗa ta ce, "Ƙurunƙus. Ku dai ku riƙe, Allah bai yi maƙogwaro iri ɗaya ba."

Yara suna ta dariya. Ni kuwa ban yi ba. Ga mace ta faɗi magana da bakinta, tsaf, ba kuskure, kuma gobe da sassafe za ta tsinka koko ta danne yaron nan. Sai ji na yi na ce, "Iya, ai ke ce Giwar."

Marar da take juya gyaɗa da ita ce ta sauka a gadon bayana, saura kaɗan ta sami Haruna. Inna ta fito ta ƙara mini da ranƙwashi, aka ce na yi rashin kunya, aka kore ni ɗaki ba ko ƙwayar gyaɗa. Da gari ya waye aka yi ɗura kamar kullum, ni aka sa ma na riƙe ƙoƙon.

Da aka aike ni Sabon Gari kai wa Yaya Asabe daddawa, na zayyana mata komai. Nan ne haushina ya ƙaru. A lokacin mace ba ta nuna ta damu da ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, sai a ce ba ta da kunya. Ina magana tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Maƙwabciyarta Maman Rahila, wata Kirista 'yar ƙasar Zariya da ta taɓa aiki a wani asibitin mishan, tana wanki a bakin famfo tana jinmu. Ita ce ta tsame hannu ta ce yaron da ke ƙwarewa kullum ba a yi masa ɗura, abin yana bi ta hanyar numfashi ne ya sauka a ƙirji, a kai shi a duba shi tun da wuri. Yaya Asabe ta ce su Iya sun fi ta sani. Na dawo gida ina kuka tun daga kasuwa har ƙofar gidanmu, mutane na tambayata ko kare ne ya biyo ni.

Kwana uku bayan nan zazzaɓi ya rufe Haruna. Jikinsa kamar garwashi, haƙarƙarinsa na shiga yana fita, ko tarin ma ba shi da ƙarfin yi. Iya ta jiƙa saiwoyi ta tace, ta ce magani kam dole ya shiga ko yana so ko ba ya so. Ta kwantar da shi a cinya ke nan, ta tara hannu, sai ga Yaya Asabe ta faɗo gidan. Da rana tsaka fa, ba ta ko jira duhu ya yi ba yadda matan aure ke yi, mayafinta a karkace. Ashe tun ranar da na kai mata daddawa ba ta yi barci ba. Ba ta gaida kowa ba. A gaban Iya, a gaban Inna, Baba na zaure yana ji, ta buɗe baki ta ce, "Haruna. Iya, ba ni ɗana."

Ta ɗauke shi daga cinyar Iya ta goya, ta fita. Maman Rahila na jira a waje, suka wuce wani ɗakin shan magani a Sabon Gari. Malamin asibitin ya ce ciwon haƙarƙari ne, abin da yake sha ne ke sauka a huhu. Aka yi ta yi masa allura kwana da kwanaki, aka hana ɗura, aka ce a riƙa ba shi abu da ɗan kauri, a zaune, kaɗan-kaɗan. Haruna ya tashi. Amma a Fagge ba maganar tashinsa ake yi ba, maganar da ake yi ita ce Asabe ta kira sunan ɗan fari a gaban manya. Ni ba wanda ya ce mini sannu, balle a ce ashe yarinyar nan gaskiya ta faɗa.

Iya ta daina tatsuniya. Kusan wata guda tana suyar gyaɗarta shiru, yaran maƙwabta suka gaji suka daina zuwa. Ni ma gaba nake yi da ita, in na kawo mata itace sai in dire in juya. Na daɗe ina ɗauka taurin kai ne kawai irin na tsofaffi, da ƙin a ce jika ta fi ta. Sai da na girma na haifi nawa na gane cewa Iya ta ji tatsuniyarta sarai, ta fi mu jin ta ma. Akwai abin da in mutum ya yarda da shi yau, dole ya waiwaya ya dubi abin da ya yi shekara arba'in da suka wuce, kuma ba kowa ne ke iya wannan waiwayen ba. Har yanzu ina jin haushin ranƙwashin nan, ba zan ɓoye ba, amma ban ƙara ce mata Giwa ko a zuciyata ba tun daga wata magariba da na kawo itace ta riƙe mini zane.

Ta ce in zauna. Ta daɗe tana juya yashi ba gyaɗa a ciki. Sannan ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, wai da gaske in da kauri Haruna ba ya ƙwarewa? Na ce da gaske. Ta ce a zaune? Na ce a zaune.

"Kafin ubanku na haifi wani, Sa'adu," in ji ta. "Shi ma haka yake yi da ruwa. In na ba shi tuwo a baki lafiya lau yake ci. Aka ce ƙyuya ce, na yi ta yi masa ɗura. Kwana ashirin da yaye ya koma. Aka ce mini iska ce."

Ta buɗe tafin hannunta na dama a hasken wuta tana kallo. Ban taɓa jin sunan Sa'adu a gidanmu ba sai ranar, kuma Baba ma da na tambaye shi daga baya bai san yana da wa ba.