Muciyar Baba

Abubuwa biyu aka san Baba da su a Madina, kuma duka biyun ba a fahimce shi ba. Larabawan unguwarmu ta Bani Harisa sun yarda ya iya tsire, alhali ko kaza ya gasa sai ta koma gawayi. Hausawa kuma sun san ya iya tuƙa tuwo, suka ɗauki abin kamar wata cuta da ya kamata a ɓoye.

Baba mai haɗa magani ne a wani asibiti. Amma maƙwabcinmu, wani dattijon Balarabe mai kirki, bai taɓa ganin baƙar fata ya tuna da magani ba. Duk Babbar Sallah sai ya aiko da cinyar rago, wai a yi masa siriya, sunan da suke kiran tsire da shi.

"Ya duktur, ku Takaruna abin a jininku yake," haka yake cewa, yana nufin mu baƙaƙen Afirka ta Yamma.

Baba ya karɓa da murmushi, ya sa a mota, ya kai wa wani mutumin Nijar mai gashin nama a unguwar Aziziya. Da yamma dattijon ya ci yana lumshe ido, yana rantsuwa cewa hannun Baba daban ne. Ni abin haushi yake ba ni, Baba kuwa ya ce in bar bawan Allah ya ci namansa.

Tuwo ya fara ne bayan rasuwar Mama, ina aji biyu na sakandare. Yana dawowa aiki zai cire farar rigarsa, ya rataya tawul a kafaɗa, ya ɗauko muciyar da Mama ta zo da ita daga Kano. Tuwonsa ba gudaji ko ɗaya. Amma maganar ta zaga gidajen Hausawa, har wata ta tambaye ni a wurin suna ko zani yake ɗaurawa in zai shiga kicin. Wata kuma ta furta kalmar a gabana, wai ɗan daudu. Na ba ta amsar da har yau ba ma gaisawa.

Da wani injiniya ya fito neman aurena, kuma ina sonsa ƙwarai, sai wannan magana ta tare mana hanya. Gwaggonsa ce ta riƙe shi, tana zaune a unguwar Ranuna, kuma abin da ta ce shi ake yi. Ta ji labari, ta ce ba za ta haɗa zuri'a da gidan da namiji ke riƙe muciya ba sai ta gani da idonta.

Kawuna ya tsara komai. Baba zai zauna a falo da babbar riga da carbi, ni kuma in yi girki. Matsalar ɗaya ce: ban iya ba. Wanda ubansa ke tuƙa tuwo irin wannan, me zai kai shi kicin?

Ranar ta zo, na ɗora ruwa, na zuba gari yadda na ga yana yi. Abin ya dunƙule, ƙasan tukunya ya kama. Daga falo ina jin Baba yana tari, irin tarin mutumin da ke jin ƙauri ba shi da ikon tashi. Gwaggo tana yi masa tambayoyi kan asali, yana amsawa rabin hankalinsa na wurina. Can ya ce zai yi alwala. Sai ga shi a bayana ya naɗe hannun babbar riga.

"Matsa," ya ce a hankali. "Kin kashe garin mutane."

Ya ɗauko wata tukunyar ya fara sabo. Ina tsaye ina fifita hayaƙi da faifai lokacin da na ga Gwaggo a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu. Na ce shi ke nan, auren ya tafi a kan tukunya.

Baba bai saki muciyar ba. Gwaggo ta daɗe tana kallon hannunsa.

"Alhaji, ya'ani gaskiya ne ke nan. Wa ya koya maka?"

"Mahaifiyarta, Hajiya. Da ciwo ya kwantar da ita, a nan falon take kwanciya tana faɗa mini, ni ina nan ina yi. Ta ce kar in bar mata 'ya ta girma a kan burodi da ful, waken Larabawa, ta manta abincin gida."

Daga baya na ji Gwaggo ma ta yi jinyar miji shekaru, ita ke tuƙa mota ta kai shi asibiti tun farkon barin mata tuƙi, ana ce mata mace mai kamar maza. A lokacin dai sai ta matso, ta leƙa tukunyar, ta leƙa tawa da ke gefe, ta yamutsa fuska.

"Wannan kuma aikin waye?"

"Nawa ne, Gwaggo," na ce.

"Halas, magana ta ƙare. Ashe ba uban ne abin tsoro ba." Ta juya wurin Baba. "Rage wuta, Alhaji, ya sulala."

Ta ci malmala biyu, ta nemi ƙarin miyar kuka, aka sa rana.

Ranar da za a kai ni, dattijon Balaraben ya aiko da rago guda don a yi wa baƙi siriya, mutumin Aziziya ya sha aiki. Muna shirin fita Baba ya fito da wani dogon abu naɗe a tsohon mayafin Mama. Na miƙa hannu, ya wuce ni ya danƙa wa ango, a gaban abokansa da Gwaggo.

"Ita ba ta iya ba, kai za ka koya. Ka riƙa zuwa ranar Juma'a."

Kowa ya yi dariya, har Gwaggo. Ni ce kaɗai na tambaye shi da me zai riƙa tuƙa nasa.

"Ai ba na tuƙa wa kaina," ya ce. "Ke nake tuƙa wa."

Na ja mayafi na rufe fuska, aka ɗauka kukan amarya nake yi.