Ɗigo Biyun Ustaz Fahim

Rigimar farko da Ustaz Fahim ya sha kaye a cikinta, a kan ɗigo biyu aka yi ta. Yana ɗan shekara ashirin da huɗu lokacin, sabon ɗauka a ƙaramin zauren kiɗa na unguwarmu a Iskandariya ta Masar. Aikinsa ya zauna a hagun mai buga piyano yana juya masa shafi. Ran nan Madam Despina ce ke bugawa. Ta iso inda wanda ya rubuta kiɗan ya sa ɗigo biyu, alamar a koma baya a maimaita, sai Fahim ya mayar da shafi baya. Ita kuwa gaba ta nufa. Ta make masa hannu a bainar jama'a, yatsanta ko ɗaya bai kuskure ba.

Da aka tashi ya bi ta da littafin a buɗe.

"Madam, mutumin nan sau biyu ya ce."

"Mutumin nan ya shekara ɗari da hamsin a ƙasa, ɗana. Ni kuwa kifi na jirana a gida. In ya ji haushi ya zo ya same ni."

Har mai shara sai da ya dara.

Asali bugawa Fahim ya so yi. Sau uku yana jarrabawa, sau uku alƙalai suna cewa kiɗansa kamar rakiyar gawa. Sai ya haƙura da kujerar nan marar jingina, shekara arba'in da ɗaya, cikin baƙar kwat guda da ta koɗe ta koma ruwan toka.

Babu irin da bai gani ba. Akwai masu gudu kamar tarago zai bar su. Akwai masu lumshe ido suna rangaji, su ja wuri ɗaya har shayin mutum ya huce, wai zuciya ce ke magana. Akwai masu bin rubutu kamar akawun kotu. Duk ya yafe musu, ban da masu tsallake maimaici. A wurinsa bugun farko shiga gida ne kana baƙo, na biyu komawa ce bayan ka san wanda ya rasu a ɗakin. Matarsa Samiha kaɗai yake gaya wa haka, ita kuma ta ce ya ci wakensa kafin ya yi sanyi. Ta mutu ba ta taɓa jin an tafa masa ba.

Bara wani mai buga piyano, Dakta Hazim, ya dawo daga Turai da takardu da gashi har kafaɗa. Kafin ya iso, shugabar zauren, Madam Nahid, ta kira Fahim, wanda yanzu kowa ke ce wa Ammu, wato baffa.

"Ammu Fahim, yanzu allon gilashi ake amfani da shi, da ƙafa ake juya shafi. Tausayi ne ya bar ka a nan. Ka ƙara ɗaga maganar ɗigon nan, ka ajiye mabuɗin zauren."

Ya ce to. Ban da kujerar, me ya rage masa? Ɗaki ne babu kowa, da tabarau ɗin Samiha a kan taga.

Da hantsi aka zauna gwaji. Dakta ya kwaso kiɗan a guje yana kaɗa gashi, aka iso ɗigo biyu, hannun tsoho ya yi abin da ya saba. Shafi ya koma baya.

Dakta ya tsaya, ya juyo yana murmushi.

"Ammu, maimaici na zamanin da babu faifai ne. Mutane yanzu suna da abin yi. Ko ka ga na yar da wani abu ne a karon farko, da sai na koma na tsinto?"

Madam Nahid ta kafe Fahim da ido daga layin gaba. Ya ba Dakta gaskiya kawai ake so, ko ma ya yi shiru.

Ya rufe littafin a hankali. Ya zaro mabuɗin daga aljihu ya ɗora a kan piyanon, ya miƙe yana saka maɓallan kwat ɗinsa.

"A'a, Dakta, kai ke da gaskiya. Yadda kake buga shi, sau ɗayan ma haƙuri mutane suke yi."