'Yar Tsanar Ƙarfe da Na Goya

Hoto ɗaya tak nake da shi na ƙuruciyata, kuma ban cika son kallonsa ba. Ga Baba zaune a kujera ya ɗora hannu a gwiwa, ga Kaka, mahaifiyarsa, ta kau da fuska kamar wadda aka yi wa dole, ga ni tsaye na juya gefe don a ga abin da na goya. Shekaruna ba su wuce bakwai ba. Abin da ke leƙowa daga zanen goyon nan ba 'yar tsanar kara ba ce irin ta sauran yara. Ƙarfe ne.

Ƙauyenmu yana bakin daji ne, can wajen Kakangi, kuma lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Baba ya tsinci ƙarfen ne yana sharar sabuwar gona. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, mai kauri a tsakiya, kansa a mulmule, gindinsa da wasu 'yan fikafikai kamar jelar kifi. Ina ganinsa na ce nawa ne. Na wanke masa tsatsa da toka, na ɗaura masa tsumma, na raɗa masa suna Jummai. Da ita nake zuwa rafi, da ita nake kwana. Ranar da mai hoto ya zo kasuwarmu da akwatinsa mai ƙafa uku, na ce ko da Jummai ko kuma a ɗauka ba ni.

Baba mutum ne da ba ya iya barin abu bai san kansa ba. Da yake ihu nake yi in an taɓa Jummai, sai ya riƙa yawo da hoton a aljihu yana nuna wa mutane. Direban motar katako ya ce wani sashe ne na injin tsohuwar mota. Wani dattijo da ya yi aikin haƙar zinariya da Turawa ya ce dutsen sikeli ne, har ya rantse ya taɓa ganin irinsa. Malamin makaranta ya juya hoton sama da ƙasa ya ce kan famfo ne. Maƙerin garinmu kuwa bai ɓata lokaci ba, cewa ya yi ko mene ne dai ƙarfe ne mai kyau, a kawo masa ranar kasuwa ya sa a wuta ya fitar da ruwan gatari. Wannan amsar ce ta fi yi wa Baba daɗi.

Ana jibi kasuwa, bayan sallar isha, muka taru a ɗakin Kaka kamar kullum. Damina ce, ana yayyafi, ta hura wuta tana gasa mana masara. Duk wani daɗi da na sani na ƙuruciya a ɗakin nan yake: ƙaurin masara, hayaƙin da ke sa mu hawaye, da muryarta mai ɗan kaushi. Kaka Bagwariya ce, Hausarta da ɗan karkata, muna yi mata dariya tana jifanmu da totuwa. A daren nan ba ta jefi kowa ba. Ta ce in matsa da Jummai can bakin ƙofa, nesa da murhu. Ta kuma aika a kira Baba, abin da ba ta saba ba.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, yadda take buɗe tatsuniya, "ku ba ta wuri ta zauna."

Wai wata mata ce ta je itace ta tsinci ƙwai a daji, ƙato, mai sanyi ƙalau, ba sheƙa kusa da shi, ba sawun uwa. Ta goya shi ta shiga tambaya. Kaza ta ce ba nata ba ne, amma ya yi kama da na zabuwa. Zabuwa ta ce a'a, sai dai na jimina. Jimina ta ce ta je wajen kada. Kowa ya ba ta suna, don ba wanda yake so a ce bai sani ba. Sai kunkuru, shi kaɗai ya ja da baya ya ce, ni ban san shi ba, amma duk uwar da ta ajiye ƙwai ta tafi ba waiwaye, tsoronsa take ji. Ya ce ta mayar da shi, in kuma ta ƙi, to kada ta kuskura ya ji ɗumi. Matar ta ce kunkuru baƙin ciki yake yi. Ranar da sanyi ya matsa, tausayi ya kama ta, ta kwantar da ƙwan a gefen murhu.

Kaka ta tsaya a nan, ta koma juya masara. Ƙanena ya ce, "Sai me ya fito, Kaka?"

"Wa ya rage da zai faɗa?" ta ce. "Masu zuwa kasuwa da safe rami suka tarar a inda garin yake."

Ba ta rufe tatsuniyar da 'yar waƙar da ta saba ba. Ruwa yana ta ɗiga daga indararo. Baba ne ya yi dariya, ya ce, "Haba Inna, ƙarfe ne fa. Mutum huɗu na nuna wa."

"Huɗun nan suna ɗaya suka ba ka?"

Ta ci gaba da cewa:

"Ɗanjuma, a gidanmu abin da aka tsinto a daji ba a san sunansa ba, bayan danga yake kwana. Kai ka shigo da shi, ka ɗora wa 'yarka a baya, yanzu kuma za ka kai wa mai wuta."

Da na farka da safe, tsumman kawai na tarar a gefena. Kaka ba ta gida. Sai da hantsi ya dubi ludayi ta shigo, taɓo har gwiwa, da faifai ba komai a kai. Ta ce ta mayar da ƙwai gidan uwarsa. Abin da kawai ta yarda ta faɗa shi ne ta zura shi da igiya cikin ɗaya daga tsofaffin ramukan zinariyar da Turawa suka bari a daji. Ramukan nan kuwa ba su ƙirguwa. Baba ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa na yi birgima, na ce mata muguwa, na ce ta kashe mini 'ya. Har damina ta fita ban sake zama a bakin wutarta ba, masarar da ta aiko mini ma kaji na watsa wa. Daga baya mun shirya, kamar yadda yaro da kaka suke shiryawa, amma ban taɓa janye kalmar nan ba har ta rasu.

Sai da na yi jika sannan na san abin da na goya. A wurin suna ne a Kaduna, aka fito da tsofaffin hotuna ana dariya. Nawa ya kai hannun yayan mijina, tsohon soja, wanda ya yi yaƙin basasa tun daga farkonsa. Ya sa tabarau, ya kai hoton bakin taga, ya daɗe.

"Yarinyar nan ta rayu?" ya ce.

"Yaya, ai ni ce."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce bam ne, irin wanda ake zurawa a bututu a harba. Wataƙila sojoji ne suka yi atisaye a dajin, wannan ya faɗo bai tashi ba. Ya ce irinsu ba sa mutuwa, barci suke yi. Faɗuwa ɗaya kan dutse ta isa. Na ce masa maƙeri ya so sa shi a wuta. Ya cire tabarau ya ce, "Ranar kasuwa?" Na ce e. Sai salati kawai ya yi.

Na shiga ɗaki na yi kuka, na tsoro da na kunya. Na tuna sau nawa Jummai ta suɓuce mini a hanyar rafi. Na tuna tsohuwar nan ita kaɗai cikin raɓa, ta ɗora abin a ka tana takawa a hankali. Kaka ba ta taɓa jin kalmar bam ba. Mutum huɗu sun ga hoto kowa ya ba da amsa, ita kaɗai ta yarda ba ta sani ba, kuma ta ji tsoron rashin sanin nata. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na san yadda faɗin "ban sani ba" yake da wuya a bakin babba.

Yanzu samarin yankinmu sun koma tsofaffin ramukan nan da diga da shebur suna neman abin da Turawa suka rage. Sani, ɗan ƙanena, yana cikinsu. Na sa aka ɗauki hoton a waya na tura masa. Ya kira ni yana dariya, wai ashe Gwaggo ma ta yi yarinta. Na ce ya bar fuskata ya dubi bayana, na faɗa masa ko mene ne, na ce in digarsa ta taɓa wani ƙarfe mai jelar kifi, ya ajiye ta ya fito, ya fito da kowa.

Dariyar ta ɗauke. Can ya ce, "Gwaggo, wane ramin ne?"

Na ce masa ban sani ba.