Wa Ke Kwana a Gidan?

Ƙarfe takwas da rabi Malam Ɗigo yake buɗe shagonsa, wani ɗan matsattsen ɗaki tsakanin mai gyaran agogo da mai wankin hoto. Zai kunna kwamfuta ya bar ta tana nishi, ya goge tabarau da gefen riga, ya haɗa shayi. A kan teburinsa ba abin da ya fi yawa kamar guntayen takardu da fensir. Shekara goma sha tara ke nan yana yi wa mutane rajistar sunan shafinsu na intanet, wato adireshin da ake bugawa a iso wurinka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin, don idanu sun ce sun gaji.

Laƙabin nasa daga bakinsa ya fito. Duk wanda ya kawo suna sai ya ji, "To, ɗigo me?" In ɗan kasuwa ne ya ce masa ya ɗauki .com, ƙungiya .org, wanda cinikinsa bai ƙetare iyaka ba kuma ya nuna masa na ƙasarmu. Shugaban ƙungiyar iyayen yara ya taɓa kafewa a kan .com, wai shi ya saba ji. Malam ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, yaran za ku sayar?"

Ba ya taɓa kwamfuta sai ya rubuta sunan a takarda yadda mutane za su buga shi, a haɗe, babu lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ, sannan ya ce ka karanta da ƙarfi. Wani mai ɗori ya zo da sunan da yake ji da shi, Gyaran Ƙashi. Malam ya rubuta, ya miƙa masa. Bawan Allah ya karanta a fili, ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya saki salati. Mai agogo har yau in ya tuna sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi dariyarsa ta ishe shi.

Ni kuwa ba don dariya nake wannan rubutu ba. Ƙanwata tela ce, a ɗakinta take ɗinki, ita da 'ya'yanta mata biyu tun rasuwar mijinta. Da ta so buɗe shafi don nuna kayanta, ni na raka ta, kuma ni ne mai gaggawa a gidanmu. Aka zaɓi suna, aka zaɓi ɗigo, aka zo wajen adireshi. Ta faɗi layi da lambar gida. Malam ya ajiye fensir.

"Wa ke kwana a gidan?"

"Ni da yarana, Baba."

Ya ce mata abin da aka rubuta a nan, da suna da lambar waya da adireshi, wanda ya iya bincike zai iya neman mai shafi ya gani, sai in an rufe. Na ce, "Haba Malam, rubuta kawai. Wa ke da lokacin bin diddigin tela?" Ko kallona bai yi ba. Ya rufe bayananta, inda kuma ya zama dole a bar adireshin tuntuɓa, ya sa na shagonsa. Na fita ina mita wai tsohon nan ya cika sanyin jiki.

Bayan wata bakwai wani da ya taɓa sayen kaya a wurinta ta shafin ya fara damun ta da kira. Ta toshe lambarsa, ya sake wata. Ya rubuto mata cewa ko ta so ko ta ƙi sai ya gano gidanta. Ƙanwata ta daina barin yaran su fita ƙofar gida. Ta rame, keken ɗinkin ma ya yi shiru.

Wata Talata da hantsi mutumin ya bi bincikensa har ya iso adireshin da ya samu, wato shagon Malam. Mai hoto ne ya ba ni labari, don a gabansa aka yi. Mutumin ya ce shi ɗan'uwanta ne, saƙo ya kawo. Malam ya ce, "Madalla. Ajiye, zan kai." Mutumin ya ce sai hannu da hannu. Malam ya ce, "Ɗan'uwan da bai san gidan 'yar'uwarsa ba?" Mutumin ya daki tebur har shayi ya zube, ya yi zagi, ya ce zai dawo. Malam ya goge teburin, ya kira ni, muka kai rahoto wurin 'yan sanda tare da hoton mutumin da mai hoto ya ɗauka ta taga. Mutumin bai sake kiran ƙanwata ba.

Malam, kai ne ka tsaya a ƙofar da ba taka ba. Kai ne ka sa adireshinka a inda na ce ba kowa zai duba ba, kuma ko sau ɗaya ba ka tuna mini maganata ba. Na ji kunya, har yanzu ina ji. Na gode, ƙanwata ta gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana. Ku kuma masu wannan sana'a da za ku gaje shi, don Allah kafin ku buga adireshin kowa, ku tsaya ku yi masa tambayar nan tasa.

Jiya na je na ce wa Malam na rubuta kwatancen gidansa a nan, don masu son zuwa gaishe shi bayan ya rufe shago. Ya cire tabarau, ya dube ni.

"Wa ke kwana a gidan?"

Na soke layin. Daga can na biya wajen ƙanwata, na tarar da keke yana ta ƙara a ɗaki, yaran kuma suna wasa a ƙofar gida.