Mun Ajiye Lauje Muna Jiran Injin Hukuma

A wancan lokacin ni malamin firamare ne a wani ƙauye na bakin ruwa a ƙasar Auyo, kuma ni ake kawo wa waya in ta rikice. Ina jin daɗin wannan matsayi ƙwarai. Ko bulama, mai garinmu, in saƙon Turanci ya shigo masa, ni yake aikawa a kira.

A wajenmu, kowace shekara kafin kogi ya kawo, akan yi gayya a shiga da lauje da kwale-kwale a yanke kacala, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa. Aiki ne na azaba, ruwa har ƙirji, ganyen yana tsaga hannu. In ba a yanke ta ba, ruwa ya rasa hanya sai ya bi ta gonakin shinkafa. A shekarar da nake magana, wata hukumar gwamnati ta buɗe shafi a intanet inda za ka kai koke, ka tura hoto, a kawo injin yanka. Na tura. Ban ajiye wayar ba amsa ta shigo cikin ladabi, da sunana cikakke, cewa an karɓi koken kuma yana gaban jami'in da ya dace. Duk wanda ya taɓa yini a kan bencin ofis ba a ko ɗaga kai an dube shi ba, ya san abin da na ji. Na ce a raina lallai gwamnati ta gyaru.

Bulama ya sa na karanta saƙon a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ba wanda ya yi musu, don dama ba mai marmarin shiga ruwan. Yayana ma cewa ya yi in dai inji na tafe, mene ne na wahalar da kai. Aka ɗage gayya. Duk sanda na leƙa shafin sai in ga an rubuta ana kan aiki, ni kuma in isar wa jama'a, har aka fara tsokanata da wakilin gwamnati. Ashe jiran gawon shanu muke yi.

Kogi ya kawo lokacin da shinkafa ta fara fid da kai. Da muka farga muka ɗauko laujen, ruwan ya fi ƙarfin tsayuwar mutum. Ya yi mana gyara sosai. Yayana mai iyali da yawa bai ɗauki ko dami ɗaya ba, amma ya ci gaba da gaisawa da ni kamar kullum. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na hau babur cike da fushi na tafi ofishin hukumar a Haɗeja. Na tarar da wani dattijon jami'i da alamar ya fi ni gajiya. Ya ce koken bai taɓa zuwa teburinsa ba, can hedikwata yake tafiya, amsar kuwa na'ura ce ke turawa da kanta ga kowa. Rubutun ana kan aiki ba abin da yake nufi illa ba a rufe koken ba. Ya ce injin yana nan amma yana wani yanki, kuma da mun zo da ƙafarmu da tun farko ya ce kada mu jira. Na fito da fushina ban sami wanda zan juye wa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Da can mutanenmu ba sa yabon hukumar, amma in ta yi magana suna saurara. Yanzu ko gaskiya ta faɗa, ƙaryar waya ce a wajensu. Ina roƙon masu buɗe irin waɗannan shafuka su ji tsoron Allah, kada su bar na'ura ta yi alkawarin da babu mutum a bayansa. Ku kuma 'yan'uwa, ku tura koken, amma ku bi shi da ƙafa, kuma kada ku ajiye lauje. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Daminar da ta wuce hukumar ta turo gargaɗin cewa ruwa na tafe, a kwashe hatsi daga rumbunan gangare. Na karanta a ƙofar masallaci, yayana ya ce in mayar da wayata aljihu. Ban iya rantse masa cewa wannan karon gaskiya ne ba, don ni ma ban sani ba. Ashe gaskiya ne, kuma rumbunsa na cikin waɗanda ruwan ya ci.