Ranar da Kalangu Ya Tayar da Ɗan Tauri a Dogarawa

Shekaru masu yawa baya, ina saurayi mai ji da kansa, ni ke juya injin majigi na wani ɗan kasuwa a Konni. Da kaka ta yi sai mu ɗora inji a mota mu bi ƙauyuka, mu rataya farin ƙyalle a bangon lakwal, wato makaranta, mu nuna fim ɗin Indiya. Ana cikin haka lasifikarmu ta ƙone, mai inji kuma ya ce gyara sai baɗi. Hoto na motsi, baki na buɗewa, amma shiru kake ji.

Abokina ne ya fid da mu kunya. Makaɗin kalangu ne, gadon gidansu. Yakan zauna gefen ƙyallen yana kallo yana kaɗawa. In budurwa na kuka, kalangu ya taya ta; in doki ya sheƙa, ya bi sawunsa. Mutane har suka fi son haka, tunda dama ba mai jin Indiyanci. Ni kuwa na zama maroƙinsa ba gayyata, duk inda na zauna sai na ce hannunsa bai san kuskure ba.

Ran nan muka sauka Dogarawa. Bayan magariba fili ya cika, mata da yara a gaba, maza a baya. Fim ya kai wurin da jarumi ya zare takobi, abokan gaba sun kewaye shi. Abokina ya ɗauki zafi, ya ƙara matse kalangu a hammata, sai kawai ya zame ya faɗa kiɗan tauri. 'Yan tauri su ne masu maganin ƙarfe, waɗanda ake cewa wuƙa ba ta cin su. Da sun ji kiɗansu sai jiki ya tsuma, ba sa sanin na gida balle baƙo. Kowane makaɗi ya san ba a taɓa wannan kiɗa a taron mata da yara.

Sai muka ji wata kururuwa daga baya. Taro ya dare biyu. Wani ƙato ya tuɓe riga ya yar, ga wuƙa tsirara a hannu, yana goga ta a ciki da wuya. Ya ratso ta cikin hasken inji, inuwarsa ta rufe ƙyallen gaba ɗaya. Mata na surar yara suna faɗuwa a kan juna. Ni dai ban san lokacin da na shige ƙarƙashin teburin inji ba. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Daga nan nake leƙen abokina. Ƙaton ya tsaya a kansa, ya ɗora masa wuƙar a kafaɗa, dab da wuya.

"Wa yac ce ka kira ni?" in ji shi.

Hannun abokina ya fara mutuwa, zai daina kiɗan. Wani dattijo da ke zaune kusa, wanda tsufa ya hana shi gudu, ya ce, "Kak ka tsaya, ɗana! In ka yanke mai kiɗi yanzu, kai za ya yanka. Kai kat tashe shi, kai za ka kwantar da shi. Sassauta kaɗan-kaɗan."

Abokina ya ci gaba, zufa na zuba masa a ido, ba halin sharewa. Yana rage zafin kiɗan a hankali, kamar mai lallashin jariri. Wuƙar na nan a kafaɗarsa tana rawa. Ni ina ƙarƙashin tebur ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci. Can dai hannun ƙaton ya saki, ya durƙushe yana huci. Da idonsa ya washe ya dubi abokina ya ce, "Yaro, wanga kiɗi ba wasa na ba." Ya ɗauki rigarsa ya tafi.

Na fito ina kakkaɓe gwiwa, wai wayar inji nake dubawa. Ba wanda ya kula ni. A mota, da muka hango Konni, abokina ya ce, "Wallahi ban san sa'ad da hannuna yat tahi can ba."

Yanzu jikokina kan yi ta gardama kan masu kiɗan fina-finai, kowa na rantsuwa nasa gwanin bai taɓa yin na banza ba. Nakan ce musu mutum tara yake, bai cika goma ba. Gwanin da na sani, gwanintar ce ma ta ja masa, don da wani ɗan koyo ne ya kaɗa, ƙaton nan ko motsi ba zai yi ba. Abokina ya tsufa cikin lafiya har Allah ya yi masa rasuwa. Ni ne dai abin bai sake ni ba. Har yau in ana kallo aka zo wurin faɗa, kiɗa ya fara zafi, sai na bar talabijin na waiwaya in ga wa ke tsaye a bayana.